Ɗigon Haske a Idon Mai Hoto

Shafi na 9

Sallama gare ku, masu bin wannan labari. Na karanta saƙonninku duka, har da na baiwar Allah da ta ce in na ƙara barin dattijon nan kwana ɗaya a ɗakin duhu za ta zo da kanta ta fito da shi. Na gode da haƙurinku.

Wanda yau ne zuwansa na farko, ga inda muka tsaya. Mura mai zafi ta kama Mai Hoto, dattijon da ya shekara talatin da biyar yana ɗaukar hoto a shagonsa. Yayarsa, wadda kowa ke kira Gwaggo, ta kwantar da shi kwana biyu a tsohon ɗakin wankin hoto da ke bayan shagon, inda haske ba ya shiga ko kaɗan. Da safiyar kwana na uku ya lallaɓo ya fito, ya zauna a kujera don 'yarsa Auta ta yi masa hoton gwaji.

*

Dokar shagon ce tun Auta tana goye. Ba a ɗaukar kowa hoto da safe sai an fara gwaji da ɗan gida, an buɗe hoton, an duba idanu. Idan fitilu sun zauna daidai, za a ga ɗan ɗigon haske fari tas a kowane ido. Mai Hoto yakan ce hoton da babu ɗigon nan a ido biyu, ba mutum aka ɗauka ba, bango aka ɗauka.

Auta ta buɗe hoton a kwamfuta, ta jawo fuskar kusa. Idon hagu yana da ɗigonsa. Na dama kuwa hasken ya baje, kamar madubin da aka hura wa numfashi.

Ta goge gilashin kyamara, ta sake ɗauka. Haka dai ya fito.

"Kin yi shiru," in ji Mai Hoto, hannunsa dafe da goshi. "Fitilar dama ce ko? Na ce miki ƙafarta ta saki."

"Ba fitila ba ce, Baba."

"To gilashi ne. Goge."

"Sau uku ke nan ina gogewa."

Ta ƙara jawo hoton. Baƙin tsakiyar idon hagu ya tsuke saboda hasken fitilu, kamar na kowa. Na dama ya tsaya a wangale, farin idon kuma ya yi ja.

"Baba, rufe idon hagu. Yatsu nawa na ɗaga?"

"Yau kuma ni za ki yi wa jarrabawa?"

"Nawa ne, Baba?"

Ya rufe idon hagu da tafin hannu.

"Hayaƙi nake gani. Da wani bakan gizo zagaye da fitilar can. Tun jiya da yamma yake. Mura ce, ita ta kawo ciwon kan da aman. Bari in ɗauki 'yan makarantar nan hoton fasfo in koma in kwanta. Su arba'in ne, ƙarfe goma za su zo."

Auta ta miƙe. Ta ɗauki hoton fuskar kwamfutar a wayarta, ta fita.

Shagon da ke maƙwabtaka da su na Mai Kemis ne, abokin babanta tun suna samari. Yana jera kwalabe ta miƙa masa wayar. Ya gyara tabarau, ya duba, ya ajiye kwalbar da ke hannunsa ya biyo ta.

"Ga boka nan an kira min," in ji Mai Hoto. "Me ka zo sayarwa?"

"Rufe idanunka, mai satar fuskokin mutane."

Ya ɗora yatsu biyu a hankali a kan fatar idon hagu, sannan ya koma na dama. Ya sake komawa na hagu. Wasan da ke fuskarsa ya ɗauke.

"Wannan da laushi. Wannan kuwa kamar dutse. Auta, ɗauko takalminsa."

"Ba ni maganin ɗigawa kawai, ciwon idon nan ne da ke yawo."

"Wannan ba aikin kemis ba ne. Wane magani ka sha?"

"Wanda ka ba ni."

"Shi kaɗai?"

"Da wani da ya rage a gida tun bara. Na haɗa su don in warke da wuri."

"Na ce maka ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Auta, haɗo da kwalayen duka biyu."

"'Yan makaranta fa?"

"Fuskokinsu ba za su gudu ba."

Mai Kemis ya ja ƙofar shagonsa ya kulle, abin da bai taɓa yi da hantsi ba, ya tayar da tsohuwar motarsa.

*

A asibitin ido layi ya kai har bakin ƙofa. Auta ta wuce kai tsaye wurin nas ɗin da ke karɓar kati, ta nuna mata hoton. Nas ta dubi wayar, ta dubi dattijon da ke jingine da kafaɗar abokinsa.

"Yana amai?"

"Sau biyu tun jiya."

"Ku biyo ni."

Likitar mace ce mai magana a hankali. Ta auna idon da na'ura, ta ce awon lafiyayyen ido ba ya cika wuce ashirin da ɗaya, nasa na dama kuwa ya kai hamsin da takwas. Ta ce hawan jinin ido ne, irin mai zuwa farat ɗaya. Ba ta tsaya dogon bayani ba. Aka shiga ɗiga masa magani, aka ba shi ƙwayoyi, aka sa masa ƙarin ruwa. Kafin la'asar awon ya sauko, ciwon kan ya lafa, Mai Hoto ya yi barcin da ya kwana biyu bai yi irinsa ba.

Washegari da safe Likita ta shigo ɗakin, ta jawo kujera ta zauna kusa da gadonsa. Auta na zaune a gefen gado, Mai Kemis na tsaye jikin taga.

"Baba, yau yatsu nawa?" in ji Likita, ta ɗaga hannu.

"Uku. Da zobe a na tsakiya."

"Alhamdu lillahi. Wa ya ɗauki hoton nan da aka nuna wa nas?"

"Autata ce."

"To ita ta kawo ka a kan lokaci. Da kun ƙara kwana ɗaya ko biyu, da ban san abin da zan iya ce maka yau ba."

Auta ta sunkuyar da kai. Mai Hoto ya laluba ya kama hannunta.

"Bari in yi maka bayani da yaren sana'arka," in ji Likita. "Ka san yadda bakin kyamara yake buɗewa idan haske ya yi ƙasa?"

"Likita, da shi na ciyar da gida shekara talatin da biyar."

"To ido ma haka yake. Sannan akwai wani ruwa da ke gudana a cikin ido kullum, yana fita ta wata 'yar magudana a gefe. Wasu mutane an halicce su da gefen nan a matse. Idan baƙin ido ya buɗe sosai, sai kewayensa ya tattare a gefe kamar labulen da aka zuge, ya danne magudanar. Ruwa yana zuwa, ba ya fita. Shi ya sa idonka ya yi tauri."

"To ina ruwan mura da magudana?"

"Mu ma muna yin tambayar nan. Akwai likitocin da suka lura ana samun ƙarin masu irin ciwonka a lokacin da mura mai zafi take yawo. Ko ƙwayar cutar ce da kanta take taɓa ido, ba a tabbatar ba tukuna, ana kan bincike. Abin da muka fi sani shi ne wasu magungunan mura masu busar da hanci suna buɗe baƙin ido. Duhu ma yana buɗe shi. Kwanciya rub da ciki kuma tana ƙara matse wurin. Yawancin mutane za su sha maganin nan ba abin da zai same su. Amma mai ido irin naka, sai an kula."

"Rub da ciki yake kwana tun yana yaro," in ji Mai Kemis. "Magani kuma ya sha kashi biyu. Duhu kuwa har ɗaki guda aka ba shi. Likita, bai bar ko ɗaya ba."

"Kai dai ka sayar min."

"Ɗaya na sayar maka. Ɗayan gadonka ne."

Likita ta yi murmushi, ta jira suka gama.

"Yanzu saura gyara. Akwai na'urar leza. Da haskenta za mu huda wata 'yar ƙofa ƙarama a cikin idon, wadda ko kai ba za ka gan ta a madubi ba, don ruwa ya samu hanya ko da labulen ya tattare. Ba yanka ba ne, minti kaɗan ne, kana zaune. Idon dama ya washe yadda za a iya yi yau. Na hagu ma yau za mu yi."

Mai Hoto ya saki hannun Auta.

"Na hagu kuma?"

"E, Baba."

"Na dama dai ya yi laifi, ku hukunta shi. Na hagu me ya yi?"

"Bai yi komai ba tukuna. Amma na duba shi, gininsu ɗaya. Abin da ya sami wannan yana iya samun wancan."

"Likita, ke 'yata ce, kuma na gode miki har ga Allah. Amma ba a kai kyamara mai aiki wurin mai gyara. Duk wadda na kai lafiyarta ƙalau, da ciwo ta dawo."

"Baba, don Allah," in ji Auta.

"Ido ɗaya mai kyau ya rage min. Da shi zan ga aurenki. Ba mai huda shi."

"Gemun na dama ya kama wuta," in ji Mai Kemis. "Ka bari a shafa wa na hagu ruwa."

"Ka ba su naka su huda."

Likita ba ta ja da shi ba. Ta buɗe takardar da ke cinyarta.

"Idonka ne, ba za mu taɓa shi ba sai ka yarda. Bari dai in cike wannan. A danginku akwai wanda ya taɓa rasa ganinsa farat ɗaya?"

"Babu. Mahaifiyarmu ta makance, amma ita kuka ne. Bayan rasuwar mahaifinmu ta yi ta kuka har idanun suka tafi."

"Ba kuka ba ne."

Duk suka juya. Gwaggo ce tsaye a bakin ƙofa, filas ɗin shayi a hannu ɗaya, hankici a ɗaya. Jiya ba ta samu zuwa ba, don ita ma murar ta kama ta. Muryarta a dishe take.

"Yaya, shigo mana. Me kika ce?"

"Na ce ba kuka ba ne, Dogo."

Ita kaɗai ke kiransa da sunan nan. Auta ta tashi ta ba ta wuri. Gwaggo ta ajiye filas ɗin a ƙasa, ta zauna, ta ƙura wa hankicinta ido.

"Kai lokacin kana wurin koyon hoto, ba ka gida. Mura ce ta kama Inna, irin wannan taka. Kwana uku sai ta fara kuka da kanta, tana amai. Ta ce min tana ganin bakan gizo a jikin fitila."

Auta ta dubi babanta. Shi kuwa ya miƙe zaune.

"Ta ce haske yana sukarta. Sai na rufe tagogi da barguna, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Kwana uku tana ciki. Ran na huɗu na ga ɗakin ya yi zafi, sai na yaye bargo ɗaya don ta sha iska. Rana ta faɗo mata a fuska. Ta ce, wa ke nan? Na ce ni ce. Ta ce ba ta ganina da idon dama."

"Yaya."

"Bari in gama, in na tsaya ba zan iya ba. Da shekara ta zagayo wata murar ta zo. Na sake rufe ko'ina, na yi rantsuwa ba zan buɗe ba. Amma akwai wata 'yar ɓula a jikin ƙofa da ban gani ba sai daga baya. Na hagun ma ya tafi. Da ka dawo ka tambaya, na ce maka kuka ne. Inna tana ji, ba ta ƙaryata ni ba har ta koma ga Allah."

"Shekara arba'in da ɗaya," in ji Mai Hoto a hankali.

"Da biyu. Ni na makantar da ita, Dogo. Ni na bar haske ya shiga. Shi ya sa da na ga ka fara dafe kai na ce ba za a yi biyu ba. Na duba gidan duka, ɗakin wankin hoton nan ne kaɗai babu ɓula ko ɗaya. Jiya da aka ce min ka fito ka zauna gaban fitilu, na ce shi ke nan, haske ya sake cin mu."

Ta sa hankici a fuska.

Likita ta matso da kujerarta, ta dafa gwiwar Gwaggo.

"Gwaggo, dube ni. Ban ga mahaifiyarku ba, don haka ba zan rantse miki ba. Amma abin da kika faɗa ya yi kama da ciwon Baba sosai, kuma ciwo ne da ke bin dangi. In shi ne, ba hasken da kika buɗe ne ya ɗauke mata gani ba. Idon ya riga ya tafi tun tana ciki. Da kika yaye bargo ne kawai ta gane."

Gwaggo ta sauke hankicin.

"Ba haske ba ne?"

"Ba shi ba ne."

"To duhun ne ke nan. Duk dai ni ce."

"Duhu yana iya tayar da shi, ba zan ɓoye miki ba. Amma da ƙuncin gefen idon nan aka haife ta. Ko ba ki rufe taga ba, dare yana yi kullum. Abin da take bukata a lokacin magani ne da na'ura, kuma ba ki san da su ba. Shekarunki nawa a lokacin?"

"Ashirin da uku."

"Ke kaɗai da mara lafiya. Ta ce haske yana sukarta, kika tare mata shi. Ni ban ga laifi a nan ba."

"Rashin sani ya fi dare duhu," in ji Mai Kemis, shi ma yana goge tabarau ɗin da ba su yi datti ba.

Mai Hoto ya sauko da ƙafafunsa daga gado, ya zauna daf da yayarsa.

"Yaya, da kin faɗa min."

"Da wane baki?"

"Kin ɗauki kayan nan ke kaɗai, kina dafa mana abinci, kina yi mana faɗa, ba wanda ya sani. Kin tuna hoton farko da na wanke da hannuna na kawo gida?"

"Na tuna. Ta shafa shi da yatsu, ta ce ya yi santsi."

"Ke kika zauna kika gaya mata duk abin da ke ciki. Har kika ƙara min tsayi."

Gwaggo ta yi dariya cikin hawaye, dariyar ta koma tari.

"Shekara goma sha tara kina mata ido," in ji shi. "In akwai mai neman gafara a ɗakin nan, ni ne da ban taɓa tambayarki yadda kike ba. Na gode, Yaya. Allah ya saka miki."

"To in ka gode, ka bari a yi maka na hagun." Ta share fuska, muryarta ta koma ta yayar da ya sani. "Inna da ido ɗaya ta yi shekara guda tana cewa ai wannan lafiyarsa ƙalau. Ni na ga yadda na biyun ya tafi. Ba zan sake jan hannun kowa zuwa bayan gida ba, Dogo. Na tsufa."

Mai Hoto ya ɗaga kai. Ya rufe idon dama da tafin hannu, ya dubi Auta da na hagu, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya sauke hannun.

"Likita, ƙofar nan da za ki huda, kin ce ƙarama ce?"

"Ƙarama ƙwarai."

"To ki huda ta daidai. Ba na son aikin gaggawa."

"Allah mun gode maka," in ji Auta.

Likita ta miƙe, ta juya wurin Gwaggo.

"Ke ma yau zan duba naki, tunda ciki ɗaya kuka fito. Auta ma za ta zo a sa mata rana."

"Bari dai murar nan ta sake ni, kar in yi wa na'urarki atishawa."

"Na'urata ta saba. Kar ki tafi gida. Ina gamawa da Baba da sauran masu jira zan kira ki."

*

Bayan azahar aka shiga da shi. Gwaggo ta samu benci a ƙarshen baranda, inda ƙwan lantarki ya mutu, ta ce nan ya fi mata sanyi. Ta ja mayafi ta lulluɓe fuskarta gaba ɗaya kamar yadda ta saba in tana mura, ta jingina da bango, barci ya ɗauke ta. Auta ta gan ta, ta ce a ranta gara ta huta. Hankalinta duk yana kan ƙofar da aka shigar da babanta.

Ba a yi rabin awa ba ya fito da ƙafarsa.

"Shi ke nan?" in ji Mai Kemis.

"Shi ke nan. Wani ɗan ƙas-ƙas kawai na ji, kamar ana fasa ƙwarƙwata. Filashar kyamarata ta fi shi zafi."

"Duk cika bakin nan a kan wannan?"

"Boka, zo nan."

Mai Kemis ya matso. Mai Hoto ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Ka rufe shagonka saboda ni. Da ka ba ni maganin ɗigawar da na roƙa, da yanzu wani zancen ake yi."

"Da na ba ka, wa zai riƙa ɗaukata hoto yana rage min tumbi?"

Da la'asar dishi-dishin da aikin ya bari ya ragu. Nas ta zo ta auna, ta ce awon idanun duka biyu ya yi kyau, za a sallame shi da magungunan ɗigawa, ya dawo bayan kwana uku. Ta ce an kira Likita ɗakin tiyata da gaggawa, amma ta bar saƙo Gwaggo ta jira ta, ko da za ta kai awa biyu.

"Kafin nan, Auta, ba ni wayarki," in ji Mai Hoto. "Duk wanda ya sa hannu a idon nan sai na ɗauke shi. Zan wanke babba in rataye a shago. Na Likita zan ɗauka ran da na dawo. Nas, tsaya nan. Boka, shigar da cikinka. Auta, taso min da Yaya."

Auta ta je ta taɓa kafaɗar Gwaggo. Gwaggo ta yaye mayafin, ta taso tana yamutsa fuska.

"Gwaggo, jikin ne?"

"Kai ne ke ɗan sara min. Barcin rana ne. Amma hancin ya bushe tas. Maganin nan na babanki yana da kyau."

"Wane magani?"

"Wanda na gani a ɗakin wankin hoto, ragowar da ya zube a gefen katifa. Biyu na sha da safe kafin in fito, na ƙara biyu ɗazu."

Sai a lokacin Auta ta tuna Gwaggo ba ta iso ba sanda Likita ta yi maganar magani. Ta buɗe baki, amma babanta ya riga ta.

"Ku matso ƙarƙashin fitilar nan. Yaya, ɗago haɓa. Kar kowa ya motsa."

Ya ɗauka. Ya yi murmushi irin na mai aikin da ya koma bakin aikinsa.

"Doka doka ce, ko a asibiti. Auta, jawo min fuskokin in ga idanu."

Ta jawo. Nas, ɗigo biyu. Mai Kemis, ɗigo biyu a bayan tabarau. Ta matsa kan fuskar Gwaggo.

Mai Hoto ya kai wayar kusa da idonsa na hagu. Murmushin ya tafi.

"Auta. Goge gilashin."

"A goge yake, Baba."

Gwaggo ba ta ji su ba. Ta dafe gira ɗaya da yatsu, ta ɗaga kai tana kallon silin.

"Dogo," in ji ta, "wa ya zagaye fitilar nan da bakan gizo?"